Waƙar Niƙan Marka a Rumfar Almu

Marka ta sauko daga motar Kebbe tun ba ta gama tsayawa ba, ta gyara mayafinta ta nufi inda kiɗa ke tashi a bakin tashar Tambuwal. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Waƙar da ta fito da ita daga gida ita ce ke tashi daga wata rumfar kwano, inda samari suka yi cincirindo.

Jiya ne mata suka tarbe ta da guɗa da dariya a bakin rijiya. Wai ɗan maƙwabciyarta Inno ya dawo da sabuwar rikoda, kuma a cikin kaset ɗin wani saurayi na Sakkwato yana rera waƙar niƙanta da jita da ganguna. Wannan bai dame ta sosai ba. Abin da ya hana ta cin tuwo shi ne a ƙarshe mawaƙin yana kiran sunanta, yana haɗa shi da na ɗanta na fari, yana cewa ga uwar da ke son ɗanta. Ita kuwa tun da ta haifi Atiku bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ko a hanya suka haɗu sai ta kau da kai, in kuma dole ta kama ta ce "wancan". Yau ga shi an tona mata asiri gaban surukai da direbobi.

Ta ratsa samarin da gwiwar hannu. Mai rumfar, Almu, siriri ne mai tabarau, yana zaune tsakanin rikoda biyu da ya haɗa da waya.

"Kai ka saida muryoyin mutane?" in ji ta.

"Sannu da zuwa, Inna. Kaset nika saidawa."

"To kashe wagga. Tawa ce."

Almu ya kashe. Da ta faɗa masa sunanta sai ya miƙe tsaye, ya share mata benci da hularsa, ya kori samarin. Ya ce mata shi a bana bai samu abin da ya kai wannan kaset ba. Mawaƙin sunansa Ɗangiwa, gyaran rediyo yake yi a Sakkwato. Ba kamfani gare shi ba, ba gidan rediyo, shi da abokansa ne suke ɗauka a ɗaki, har kukan zakara ana ji a baya. Wani direba ne ya kawo wa Almu kaset ɗin, kuma tun daga ranar mutanen Jabo da Sanyinna ba su bar shi ya huta ba.

Marka ta ce masa ba yabo ta zo ji ba. Ta ce in bai fitar da sunanta daga cikin akwatin nan ba, wallahi daga nan sai gaban alƙali, kuma da ƙafarta za ta je. Amma tana faɗa tana kallon rikodar, inda wasu ƙananan ƙafafu biyu suka tsaya bayan gilashi. Ta tambaye shi ina mutumin yake zama a ciki. Almu ya zaro kaset ya nuna mata zaren, baƙi, siriri kamar ganyen albasa. Ta taɓa shi da farce, ta kai kunne. Ba ta ji komai ba.

"Mai da shi in ji ɓarnar da yay yi," ta ce.

Jita ta fara shiga, sannan ganga. Marka ta yamutsa fuska. Amma da ta saurara sai ta gane gangar tafiyar dutsen niƙa take bi, gaba da baya, har da ɗan tsaikon da ake yi a ƙara tsaba. Wa ya koya wa mai gyaran rediyo wannan? Sai murya ta shigo:

Dogo na bayan danga,
Ci tuwonka ka ƙara tsawo,
Ni dai ban gan ka ba.

Ƙafarta ta motsa a ƙarƙashin zane, ta tsayar da ita.

"Wa yab ba shi? Ni ban taɓa yin ta gaban kowa ba. Da sassafe nika yin ta, ni da dutsena."

Almu ya ce wannan sai direban. Ya leƙa ya kira direban, Atu, wanda ke cin ƙosai a gindin motarsa. Atu ya zo yana share hannu, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce ai Atiku da Ɗangiwa ɗaki ɗaya suke haya. Duk ranar da Atiku ya dawo daga Ikko da lodin siminti, in yana wanke babbar motarsa wannan waƙa yake yi, har Ɗangiwa ya haddace. Atiku ya taɓa gaya musu ɗakin kakarsa jikin dangar madafin uwarsa yake, kuma yana yaro yakan manna kunne a zana ya saurara.

 Marka ta tuna dangar, ta tuna wata kafa a ƙasan ta da ta sha toshewa tana zagin kaji.

Waƙar ta ci gaba har ta zo inda aka kira sunanta, kiɗa ya ɗauke. Ta ɗago kai da sauri.

"Ina sauran?"

"Iyakarta ke nan, Inna."

"Ƙarya. Akwai baiti guda, shi ne ma kan waƙar."

Atu ya ce shi ma haka Atiku ke tsayawa kullum. Ta yi lissafi a ranta, sai ta gane. Daidai nan ne kakarsa take kwance awaki ta kira yaron ya kai su jeji. Bai taɓa kaiwa ƙarshe ba.

Almu ya yi mata bayani a hankali. Waɗanda suka riga suka shiga ƙauyuka ba shi da iko da su. Amma uwar kaset ɗin, wadda yake kwafa daga ita, tana hannunsa, kuma in ya danna jan maɓallin nan, duk abin da ke kan zaren zai goge, sabon sauti ya hau. Ta ce ya goge tana gani. Ya juya zaren da biro, ya danna, ya sake kunnawa. Inda sunanta yake sai huci da hayaniyar tasha, da muryar mai rake can nesa.

Marka ta saurara har sau biyu. Ta samu abin da ta zo nema, amma ba ta tashi ba.

"Wato ko mi aka faɗa kusa da shi, kamawa shikai?"

"Ko tari kika yi."

"Kuma in an ba wanga direba shina kai shi Sakkwato?"

Atu ya ce gobe ma zai koma.

Ta dubi titi, ta dubi samarin da ke leƙe daga nesa. Ta ce wa Almu ya saki labulen buhun da ke bakin rumfar, ya sa sabon kaset, su biyun su fita waje. Ya nuna mata maɓallin. Ta juya wa ƙofa baya, ta dafa benci da hannu biyu kamar mai riƙe da ɗan dutse, ta rera baitin a hankali. Ba suna a cikinsa.

Da ta fito sai ta miƙa wa Atu kaset ɗin ba tare da ta dube shi ba.

"Ka ba mai jitar nan, shi bar ɓata wa mutane waƙa. Shi kaɗai nic ce."

"In Atiku na ɗakin fa, Inna?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta tambayi Almu wace mota ce ke lodin Kebbe.