Bahagon Dalhatu

"Ba wurinka niz zo ba, Alhaji," in ji Uwani. "Wurin wancan niz zo, mai laɓewa bayan buhu."

A bakin rumfar Alhaji Tukur take tsaye, cikin kasuwar albasa ta Aliero. Masu ɗinkin buhu suka tsaya da basilla a hannu. Jelani, ɗan damben da ake ta kallo a wayoyi, ya miƙe daga benci yana murmushin dole.

"Inna, sannu da hanya. Zauna a kawo miki ruwa."

"Ba ni sha. Dalhatu na kwance, ƙahwahu sun kumbura, ko kunu bai wucewa. Kai ko kana nan kana shaƙar warin albasa."

Katanga ɗaya ta raba gidan Uwani da na Dalhatu a Jega. Mahauci ne, ya yi dambe a ƙuruciya bai yi suna ba, da ƙarfi ya ƙare sai ya rataye buhun yashi a reshen darbejiyar bayan gidansa yana koya wa yara. Shekara da shekaru Uwani tana zaginsu saboda dukan buhun nan da ke hana ta barcin rana, kuma ita ce ke dafa musu ruwan gasa hannu. A dambe yaro sunan ubangidansa yake ɗauka, a ce Shagon wane ko Dogon wane. Jelani da sunan Bahagon Dalhatu ya shiga fage. Bara Alhaji Tukur ya ɗauke shi, ya ba shi ɗaki da mota, sai makaɗa suka koma kiran Bahagon Tukur. Har aka nuna wa Uwani hoton waya inda yake cewa baiwa ce daga Allah, ba wanda ya koya masa.

"Abu guda nika so," ta ce. "Ran Asabar kana da wasa Maiyama. Ka ce ma makaɗi shi kira ka da sunanka na hwarko. Sau guda. Tsohon nan shi ji da kunnenai kahin shi tahi."

Jelani ya dubi ƙasa. Alhaji Tukur ne ya amsa, cikin sanyin murya.

"Inna, tsakaninki da Allah, yara nawa sunka bi ta hannun Dalhatu? Ina suke? Wani na acaɓa, wani na gashin balangu Kimba. In shi ka yin ɗan dambe, don mi bai yi biyu ba?"

Uwani ta juya ta kama hanyar gida. Maganar nan ta yi ta ƙona mata rai duk tsawon hanya, a matse a bayan mota tsakanin wata mai goyo da kwandon barkono.

Ta tarar da Dalhatu an fito da shi inuwa a kan tabarma. Matarsa Murjanatu, wadda yanar ido ta makantar, tana lalubo ƙafarsa tana shafa mata man shanu. Uwani ta zayyana musu komai, ba ta rage ko kalma ba.

Dalhatu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Alhaji bai yi ƙarya ba. Ƙashin yaron nai ne, zuciya tai ce. Ni ban haihe shi ba."

"To kai mi kay yi? Gadin buhu?"

"Ɗan abin da niy yi, ke kin gani."

Ta gani kuwa. Lokacin Jelani yana ɗan siririn yaro, a hannun dama ake ɗaure masa zaren dambe kamar kowa, kuma kowa dukansa yake yi. Wata rana hayaniyarsu ta ishe ta, ta ɗauki muciya ta wurgo ta saman katanga. Jelani ya cafe ta a sama, da hagu. Dalhatu ya tsaya yana kallonsa, sannan ya kira shi ya warware zaren daga dama. Ashe bahago aka haife shi, uwarsa ce ta yi ta bugun hannun tun yana rarrafe har ya bar amfani da shi. Yaron ya yi kuka ya ce za a yi masa dariya. Dalhatu ya bar sauran yara, ya yi rani guda yana tayar da hannun nan kamar mai jinyar mara lafiya.

"In bai canza ma shi hannu ba, da yanzu shi ma acaɓa shika yi," in ji Uwani.

"In ko hannun ba shi da komi, da na canza a banza," in ji Dalhatu, ya lumshe ido. "Bar musun ga, Uwani. Na gaji."

Ba ta bari ba. Ran Asabar da la'asar ta aro wayar surukarta, aka kamo mata wasan Maiyama, ta kara ta a kunnen tsohon. Kalangu na tashi, jama'a na ihu, hoton na tsayawa yana tafiya. Makaɗi ya ɗaga murya. Bahagon Tukur, ya ce. Ya sake cewa. Uwani ta ji kamar ta maka wayar da bango.

Dalhatu bai ko motsa ba, sai ya ce a matso masa da hoton kusa da ido. A turmi na biyu Jelani ya kai abokin karonsa ƙasa.

"Kin gani?" ya ce, muryarsa da ƙyar take fita. "Ya sauke hannun tsaro kahin shi kai bugu. Kullum nika hwaɗa mai. Wata rana za su same shi nan."

Washegari da hantsi, Murjanatu tana ɗaga kansa ta ba shi ruwa, ta ji ya yi nauyi.

Ranar addu'ar uku Jelani ya zo, a motar da aka rubuta sabon sunan da jan fenti a gilashin baya. Ya zauna cikin maza a ƙofar gida, aka shafa fatiha. Daga tsakar gida Uwani tana jin mahauta na musu ƙasa-ƙasa, wani na cewa marigayin ne ya yi shi, wani na cewa sa'ar yaro ya taka. Da aka fara watsewa ya yi sallama ya shigo yi wa mata gaisuwa, ya durƙusa a bakin ɗakin Murjanatu.

"Wa ke nan?" ta tambaya, tana juya fuska inda ta ji motsi.

Ya matso kusa da ita.

"Bahagon Dalhatu ne, Inna."

"Allah sarki. Ya gan ka ran Asabar. Ya ce ka bar sauke hannu."

Jelani ya rufe fuska da hannun riga. Uwani ta tsaya a kansa da buta a hannu.

"Nan mu biyu munka ji, makauniya da tsohuwa," ta ce. "Tashi ka hwaɗa waje, inda maza suke."

Ya tashi. Ta bi shi har zaure, tana kallo ya ratsa tabarmi yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya. Bakinsa ya motsa sau ɗaya kamar zai yi magana, sai wani ya ja hannunsa yana yi masa barka da nasarar Maiyama. Ya shiga mota. Uwani ta bi jan rubutun da ido har ya sha kwana. Ba ta iya karatu ba, amma ta san ba a goge shi ba.

Ta koma bayan gidan don zubar da ruwan wanke kwanonin sadaka. Buhun yana nan a reshen darbejiya, gindinsa ya yage, yashi na tsiyaya a hankali, kaji suna tono a ƙarƙashinsa. Ta aje kwanon, ta ciro allura daga gefen ɗankwalinta, ta tsaya neman zare.