Waƙar Jaji

Ina cikin ba Goggo Zinariya kunu da cokali wayata ta yi ƙara a kan cinyata. Ba ta haɗiye na bakinta ba. Ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da sauransa ba.

"Na'ima, kar ki ɗaga. Bar shi ya yi."

Na bar kiran har ya katse. Waƙa ce mijina Kamilu ya sa min a matsayin sautin kira, kiɗan fiyano mai saurin tashi, wani saurayi yana rerawa: ruwa ya zo ya tafi da ke, bai bar min ko takalminki ba.

"Waye wannan?"

"Wallahi Goggo ban sani ba. Ba ta da suna, lamba ce kawai a jiki."

"Ki binciko min shi."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Goggo a Dutse. Ba ta da kowa a gidan sai 'yan haya, shi ya sa da ciwon ƙafa ya kwantar da ita a daminar dubu biyu da bakwai, ni nake shiga in gyara ta. Na taso na ji ana cewa a da babu bikin da ake yi daga Kiyawa zuwa Taura ba a ɗauko ta da ƙwaryarta ba. Ni dai ban taɓa jin ta rera ko baiti ɗaya ba. Tun da aka ƙaddamar da shari'a ta daina.

Kamilu yana da rumfar cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwa. Da ya dawo cin abincin rana na tare shi da maganar. Ya ce wani ɗan acaɓa ne ya tura masa ta bulutut, shi ma daga wayar wani ya samu. Sai ya kira abokinsa mai sayar da kaset a Kano, ya kara bakin wayata a tasa, muka yi tsit waƙar tana tafiya. Ba ta kai rabi ba mutumin ya yi dariya.

"Kai, ai ɗan garinku ne! Mu'az. Ita ake yayi yanzu, duk gidan biki ita ake takawa."

Kamilu ya dube ni, na dube shi. Mu'az ɗaya muka sani da ya tafi Kano neman waƙa, ɗan Hajiya Safara'u ta bayan masallaci, aminiyar Goggo.

Na so in ɓoye mata. Ina shiga ta kalli fuskata ta ce, "Faɗi kawai."

Na faɗa. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, inda ruwan sama ya yi wa silin taswira.

"Ina da ɗa, sunansa Jaji. Kin san wannan?"

"Na taɓa ji, Goggo."

"A Miga muke lokacin. Ya kora shanun babansa zai tsallaka da su, kogi ya kawo. Shanun sun fita, shi bai fita ba. Ba a ga gawarsa ba, ba a ga komai nasa ba." Ta numfasa. "Waƙar nan shi na yi wa. Ban taɓa kai ta gidan biki ba. In abin ya taso min sai in rufe ƙofa in yi, Safara'u tana min amshi, muna kuka. Duk duniya ita kaɗai ta san ta. Je ki kira min ita."

Hajiya Safara'u ta zo bayan la'asar, da hijabi har ƙasa da ledar lemo a hannu. Ta zauna a bakin katifa tana ta sannu. Goggo kuwa ni ta duba.

"Kunna mata."

Na kunna. Hajiya ta sunkuyar da kai tun kafin yaron ya buɗe baki.

"Zinariya, ki saurare ni."

"Ina jin ki."

"Yaron nan ya gama makaranta ba aiki. Kullum yana zaune a gida kamar mace. Ya ce in yana da waƙa ɗaya mai kyau za a karɓe shi. Ni kuma na ga kin daina, tana nan zaune a banza..."

"Wa ya sa na daina?"

Goggo ba ta tsaya nan ba.

"Ba ke kika zo ɗakin nan kina kuka ba? Kika ce mu tuba, kiɗa zai kai mu wuta. Ke kika riƙe min turmi na fasa ƙwaryata a kai. A gaban mata a Islamiyya kika nuna ni, kika ce ga wadda Allah ya shirya ta hannunki. Shekara da shekaru ɗana yana zuwar min a rai, in cije bakina don kar in yi saɓo. Ashe ke kina can kina koya wa naki."

"Ban zaci za ta bazu haka ba."

"Ko sunansa ba ku bari ba, Safara'u. Kun cire Jaji kun sa budurwa. Ana rawa a kan ɗana."

Hajiya ta zame daga katifar ta durƙusa a kan ledar ɗakin, ta kama ƙafar Goggo mai ciwon.

"Don girman Allah ki yafe min."

Goggo ta janye ƙafar a hankali, ta juya fuskarta bango. Hajiya ta zauna har aka kira magariba, sannan ta tashi ta fita.

Daga ranar Goggo ta rage cin abinci. Kamilu ya goge waƙar daga wayata da tasa, amma rumfar da ke kusa da shi tana nan tana tura wa mutane. Hajiya takan aiko da fura, Goggo ta ce a ba 'yan haya. Wata safiya ina shafa mata man zafi ta ce min, "Na'ima, Allah ya ga zuciyata, ina so in yafe. Na gwada, abin ya ƙi." Sai kuma ta ce in ta cika, ni da matar liman ne za mu yi mata wanka, kar a ƙara kowa.

Ranar Laraba da hantsi ta cika, kaina yana kusa da nata, tana maimaita kalmar shahada bayana.

Kafin mu gama shimfiɗa tabarmi Hajiya Safara'u ta iso. Ta wuce madafi ta hura wuta, ta ɗumama ruwa, ta sirka shi a bokiti, ta ɗauko da kanta har ƙofar ɗakin. Ta cire takalmi za ta shiga, matar liman ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ta bar wasiyya." Ta saki labule.

Mun yi wankan da ruwan da muka riga muka shigar. Da na ɗaga labulen don a shigo da makara, Hajiya tana nan tsaye inda muka bar ta, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, bokitin a hannunta bai taɓa ƙasa ba, ruwan ya huce.