Tsuntsun da ke cikin takarda

Tun da mijinta ya rasu ba ta ƙara taka ɗakin da suke yin takarda ba, sai ranar da mai ɗinkin littattafai ya zo gaisuwa, ya zaro falle ɗaya daga aljihu ya ninka a gabanta. Takardar ta tsage a kan ninkin, farar ƙura ta zubo masa a gwiwa.

"Zare ma yanka ta yake yi," in ji shi. "Ga kuma tsuntsun marigayi a ciki. Mutane cewa suke dama can haka aikinsa yake."

Ta ɗaga fallen ga hasken ƙofa. Tsuntsun yana nan. Tun marigayi yana da rai, ita ta lanƙwasa shi da siririyar waya, ta ɗinke shi a jikin rariyar da ake kwasar ƙullun takarda da ita, don kowane falle ya fito da alamarsa. Ta yafa mayafi ta nufi ɗakin yin takardar.

Ƙanin mijinta, wanda gida ke kira Auta, shi ya gaji wurin. Ta same shi da farar riga a kan kujera, nesa da tankin ƙullu kada ruwa ya fallatso masa. A inda buhun farar ƙasa yake zama, yanzu buhunan tokar ƙaiƙayin shinkafa ne, da wani bokiti na dakakken ɓawon ƙwai mai ƙarni.

"A'a, matar Yaya! Yau an tuna da mu?"

"Na zo ganin murhun da ka buɗe. Me ake dafawa?"

Ya yi dariya. "Zamani ne ya zo. Farar ƙasa ta yi wuya, toka kuwa zubar da ita ake yi. Taɓa ki ji laushi. Rubutu ba ya leƙowa ta baya, ga nauyi."

Ta tsoma hannu cikin tankin ta damƙo ƙullu. Na marigayi yakan kama yatsu kamar auduga, domin ɗan kaɗan yake barbaɗa farar ƙasar, iya abin da zai toshe ƙofofin da ke tsakanin zaren takardar. Wannan kuwa zamewa ya yi, ya bar mata tsaki a tafin hannu.

"Nauyi kam akwai," ta ce. "Bulo ma yana da shi. Ina zaren da zai riƙe tokar, Auta? Ko ita za ta riƙe kanta?"

"Masu saye ba su yi kuka ba."

"Ba gare ka suke kawo kukan ba. Yayanka suke zagi, yana kwance a kabari."

Ma'aikatan da ke wurin suka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin gogewa. Mutumin da bai taɓa jiƙa hannun riga a wurin nan ba, yau shi ke koya mata laushin takarda. Ta wuce shi ta ɗauki rariyar daga bakin tanki, ta kwance ƙaramin almakashi daga bakin zaninta.

Ya miƙe. "Matar Yaya, tsaya mana. In babu tsuntsun wa zai saya?"

"Sa naka. Kaza ta fi dacewa, tunda da ƙwanta kake aiki."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, ya mayar da ita tari.

Ta bi ɗinkin tana tsinkewa a hankali, don ba rariyar take so ta ɓata ba. Wayar ta tsufa, ta manne da toka. Da ta ja, fiffiken ya karye, wuyan ya miƙe, abin da ya rage a hannunta ba wanda zai ce tsuntsu ne. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ƙulle shi a bakin zani, ta miƙa wa Auta rariyar.

"Ga kayanka. Zuba ko yashi ne."

Ya karɓa da yatsu biyu, ruwan toka na ɗiga masa a riga.