Kwana Ɗaya a Ɗaki Na Uku

Wata takwas ke nan da Sista ta baro gidanta, kuma har yau rufin bai gama gyaruwa ba. Kowa Sista yake ce mata, domin shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Babban ɗanta, wanda duk gidan ke kira Yaya, shi ya zo ya ce silin ya jiƙe, katako ya ruɓe, in ba a ɗauke ta ba wata rana sai ya rufto mata a ka. Ya kai ta wurin ƙanwarsa Auta, a wani gari mai tafiyar awa biyar, ya ce wata biyu kawai za a yi. A lokacin yanar ido ta rufe mata gani, ba ta iya hango silin ɗin balle ta yi gardama.

Yanzu kuwa an yi mata aiki, idon dama ya washe tas. Sai ga sanarwa cewa za a tantance 'yan fansho, kowa ya je da ƙafarsa asibitin da ya yi aiki, a gan shi a tabbatar yana raye. Ta buga wa Yaya waya ta ce za ta sauka a gida, ko a falo ne. Ya ce ai ko wurin shimfiɗa tabarma babu, yashi da siminti sun cika ko'ina, a kama mata otal kawai.

Auta ta zauna kusa da ita a kan doguwar kujera da waya a hannu. Ita dai Auta gwanar neman araha ce, ko allura za ta saya sai ta leƙa shafi uku. Ta nuna wa uwar yadda ake yi: a rubuta sunan unguwa, a sa rana, a ce wa shafin ya jero daga mafi sauƙin kuɗi, sannan a karanta abin da waɗanda suka kwana suka ce.

"Araha ba ta ado," in ji Sista. "Kar ki kai ni inda kuɗin cizo zai yi mini tantancewa kafin gwamnati."

"Mama, tsakiyar mako ne, farashi a ƙasa yake. Ki bar ni da su."

Hotuna suna ta wucewa sama. Gadaje farare, labule, banɗaki. Can sai yatsan Auta ya yi wani irin sauri, ya ture hoto ɗaya kamar ya taɓa wuta.

"Koma baya."

"Wannan ba shi da kyau, Mama."

"Na ce ki koma baya."

Ta koma. Sista ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da idonta mai gani. Gado baƙo ne, labule baƙo ne, bangon ma an sauya masa fenti. Amma a ƙasa, gefen ƙofa, akwai tayil uku masu ruwan toka a tsakiyar farare. Ita ta sa aka liƙa su shekarar da bututu ya fashe, aka rasa irin na da a kasuwa. Ta tagar kuma ana hango reshen lemon da marigayi mijinta ya dasa. Silin ɗin da aka ce ya ruɓe yana nan fari fat, da fankarsa mai lanƙwasasshen fiffike ɗaya.

Ta ci gaba da tura hotunan. Ga falonta, an gina kantar karɓar baƙi a inda talabijin yake. Ga ɗakin da ta yi jinyar mijinta wata goma sha ɗaya, an manna masa lamba ɗaya a ƙofa. Mutum tamanin da shida sun kwana a gidan sun bar ra'ayinsu. Wani ya yaba da shirun unguwar. Wata ta rage tauraro ɗaya daga makin da ta ba gidan saboda famfon banɗaki yana ɗiga, kuma gaskiyarta, Sista ta san famfon.

Ta juyo ta dubi 'yarta. Auta ba ta tambayi abin da ya faru ba, kanta yana ƙasa tana murza bakin mayafi, kuma wannan shirun ya fi hotunan yi wa Sista ciwo. Ashe da ɗan gari akan ci gari.

"Tun yaushe kika sani?"

"Yaya ya ce shi zai gaya miki da kansa. Ya ce a bari idonki ya warke tukuna."

"To ya warke. Kama mini wannan ɗakin, na uku."

"Mama, don Allah."

"Ba shi ne mafi araha ba? Ke kika ce arahar muke nema."

Auta ta kama ɗakin da nata sunan tana share hawaye. Shafin ma har ya taya su murna, wai sun yi sa'a, ɗaki ɗaya ne ya rage a wannan farashin.

Ranar Talata da azahar motar haya ta sauke Sista a ƙofar gidanta, ita kaɗai, don ta hana Auta biyo ta. An kafa allo mai fitila a saman get. Ta tura ƙofar falo da hannun da ya saba, ta tarar da wata mata mai fara'a a bayan kantar, ta girmi Auta kaɗan. Matar ta yi mata sannu da hanya, ta duba waya, ta nemi katin shaida.

"Za ki ji daɗin ɗakin nan, Mama, ya fi sauran iska. Ai gidan iyali ne da. Na mahaifiyar mai wurin ne, Allah ya jiƙanta."

Sista ta dafa gefen kantar da hannu biyu.

"Shi ya ce miki ta rasu?"

Matar ta ɗan yi tunani. "Gaskiya bai faɗa da bakinsa ba. Amma kayanta suna kulle a sito, kuma in muka yi mata addu'a ba ya cewa komai, sai ya sunkuyar da kai."

"Kira shi. Ki ce baƙuwar ɗaki na uku tana son ganinsa."

Ta karɓi makulli, ta ƙi rakiya. A ɗakin ta zauna a bakin gadon da ba nata ba, jakarta a cinya, ko mayafi ba ta cire ba. Gobe za ta je ta tsaya a layi ta nuna wa gwamnati tana raye, ga shi a cikin gidanta an riga an yi mata addu'ar matattu. Ba kuka ba ne ya zo mata, mamaki ne ya danne komai.

Bai fi rabin awa ba Yaya ya turo ƙofa da murmushin da ake yi wa mai ƙorafi. Da ya ga ko wace ce, murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya durƙusa a tsakiyar ɗaki, mutum mai shekara hamsin da furfura a gemu, ya hau kame-kame. Gida yana zaune ba ya kawo komai. Ita ma ai ta fi samun kulawa a wurin Auta. Dama yana shirin ya zo ya yi mata bayani.

"A kwashe gadajen nan," in ji ta. "Na dawo."

Daga banɗaki ana jin ɗigar famfon.

"Ba ni kaɗai ba ne, Mama. Da wani kamfani muka yi. Su suka zuba kayan, an yi yarjejeniya ta shekara biyar."

"Da izinin wa?"

"Kin sa hannu."

Ta tuna. Ranar da za su tafi ya kawo takarda ya ce ta izinin gyaran rufi ce, ya kama yatsanta ya ɗora a inda za ta rubuta. Ita da ta yi shekara talatin da biyu tana yi wa 'yan'uwan marasa lafiya faɗa kada su sa hannu a abin da ba su karanta ba.

"Ka kama hannuna," ta ce, muryarta ta fara tashi. "Ina makauniya ka kama hannuna."

"Mama, don Allah ki yi ƙasa da murya. Akwai baƙi."

Ta dube shi ta daɗe. Kuma abin haushin, ta yi ƙasa da muryar.

"Shekara biyar kamar gobe ne," ya ce a hankali.

Shekararta saba'in da huɗu. Ta nuna masa ƙofa da haɓa, ya fita da baya.

Jim kaɗan matar nan mai karɓar baƙi ta ƙwanƙwasa, ta shigo da tawul da sabulu. Da alama ba ta ji komai ba. Ta tuna wa Sista cewa ƙarfe sha biyun rana ake barin ɗaki.

"Ki ƙara mini kwana ɗaya," in ji Sista.

Matar ta duba wayarta, ta taɓe baki cikin tausayi.

"Ayya, Mama, an riga an kama shi daga gobe har Lahadi. Akwai na ɗaya dai. Amma kar ki biya a nan wurina, ya fi tsada. Ki sa wanda ya kama miki wannan ya kama miki ta intanet."