Hikma Ta Ƙi Fida

Saura kwana huɗu jirgin su Suweiba ya tashi, amma 'yarta Hikma ba ta yarda ta kama fida ba.

Suweiba sojan ruwa ce. Aikinta gyaran jirage masu saukar ungulu da ake ɗorawa a kan jirgin yaƙi, kuma ta shekara biyar tana yi kafin ta haihu. Da ta koma aiki a sansaninsu na kudancin Ingila, nursery take kai yarinyar, da rana ta ruga ta shayar da ita ta dawo. A haka takarda ta iso a bazarar 2006: wata huɗu a teku. Lokacin Hikma na da wata goma sha ɗaya.

Aka shirya yarinyar za ta zauna a Manchester wajen babanta Toufik, wanda ke aiki a wani warehouse, wato ɗakin ajiyar kaya, a Cheetham Hill. Mahaifiyar Suweiba, Mma Abibatu, tana nan kusa a Gorton, ita za ta riƙe ta da rana. Abin da ya rage yaye kawai.

Da suka iso Manchester, Suweiba ta sayo fida iri bakwai, ta jera su a kan tebur kamar yadda take jera sifanu. Ta rubuta lokutan abinci ta manna a jikin fridge. Hikma ta ɗanɗana kowacce ta ture da harshe, ta bakwai kuwa jifa ta yi da ita bayan kujera. A wajen likita aka ce a yi haƙuri, yara sun bambanta. Mma Abibatu kuma tana zaune tana maimaita cewa ita ba ta taɓa jin inda uwa ta bar jaririya ta tafi ɗaure noti a tsakiyar ruwa ba.

"Mma, na ji. Jiya ma kin faɗa."

"To gobe ma zan faɗa."

Toufik ne ya kawo shawarar a je Birmingham wajen mahaifiyarsa, Hajiya Khadijatu, wadda ta yaye 'ya'ya shida da jikoki da dama. Suweiba ba ta so ba, don kwana ɗaya zai tafi a hanya, amma dabara ta ƙare mata. Tafiyar awa biyu ta zama ta awa uku da rabi saboda cunkoso a babbar hanyar M6. Hikma na kuka a baya, waifar motar na ƙugi a gaba, Toufik na ta cewa ai sun kusa.

A Balsall Heath, Hajiya ta amsa gaisuwa, ta karɓi jikarta, ta dubi jakar fida ba ta ko buɗe ba. Sannan ta ce wa Suweiba ta sa takalmi ta fita, kada ta dawo sai bayan la'asar.

Suweiba ta yi zaton ba ta ji daidai ba. Cikin ladabi ta bayyana cewa kwana uku suka rage mata da 'yarta, kuma ta zo da takarda mai nuna yawan madarar da ya kamata a ba ta.

"'Yata, muddin tana jin ƙanshinki ba za ta sha komai ba," in ji Hajiya. "Ke ce matsalar. Je ki ga gari."

Haka ta tsinci kanta a titin Ladypool ana yayyafi, ba lema. Ta shiga shagon yadi ta fito ba ta sayi komai ba. Ta sha shayi kofi biyu. Ƙirjinta ya cika da ruwan nono ya yi tauri kamar dutse. Ta kira Toufik sau biyar, ashe Hajiya ta karɓe wayar ta sa a aljihu. Da ta rasa abin yi, ta koma inda suka ajiye mota, ta kwance waifar nan, ta gyara, ta mayar. Minti goma ya ɗauke ta, wannan ma ya ƙara mata haushi.

Ana idar da la'asar ta buga ƙofa. Gidan shiru. Hikma na zaune a cinyar babanta, idanunta sun kumbura, tana kurɓar madara daga wani tsohon kofin shayi mai tsagaggen hannu. Toufik ya ce awa uku ta yi tana ihu, har maƙwabciya ta leƙo, daga baya ta gaji ta karɓa. Ya faɗa da fara'a, kamar shi ya ƙirƙiro kofin.

Suweiba ta miƙa hannu, Hajiya ta tare ta. Ta ce in ta sake ba ta nono ko sau ɗaya ne, an koma farko. Za ta iya ɗaukarta, amma sai ta sa rigar sanyin Toufik, kuma ta juya fuskar yarinyar waje.

Sauran kwana biyun a nan suka yi su, don Hajiya ta ce ba ta yarda da su ba. Suweiba ta yi ta yawo a falo cikin ƙatuwar riga mai warin kwali, tana rungume da 'yarta ta baya, tana kallon ƙeyarta. Ta so ta yi fushi da wani, ta rasa da wa, tunda abin ya yi aiki.

Ranar Litinin da safe suka raka ta tashar jirgin ƙasa ta New Street. Ta fara karanto wa Toufik ranar rigakafi da sunan man shafawa, ya ce duk ta rubuta masa, har sau biyu. Ta sumbaci Hikma a ka, yarinyar ta kama igiyar jakarta ta ƙi saki, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Jirgin ƙasa bai kai Cheltenham ba gaban rigarta ya jiƙe da ruwan nono. Ta ɗora jaka a ƙirji, ta nufi banɗaki, ta tarar da mutum uku a layi. Ta tsaya a bayansu.