Ruwan da Ke Rarrafe a Ƙarƙashin Ƙasa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba. Amma ni ce ke riƙe da igiyar a ranar.

"Saki a hankali, 'yata," in ji Baba Mai Awo ta tagar ɗakinsa. Maƙwabcinmu ne, tsohon ma'aikacin hukumar ruwa, ciwo ya kwantar da shi. Igiyar awonsa ce a hannuna ina zura ta a rijiya, da ɗan gwangwani kife a bakinta. In ya taɓa ruwa sai a ji ɓul.

Tun lokacin da fari ya ƙafar da rijiyar unguwarmu, Baba ya sa aka haƙa ramuka a bayan gidaje aka zuba tsakuwa, don ruwan sama ya nutse ƙasa maimakon ya bi kwata. Da aka yi ruwan farko kowa ya ruga rijiya da guga, aka tarar da ita ƙayau. Tela ya rantse zai cike raminsa, wasu suka ce su ma haka.

"Kai da ɗinkin mutane ke kwana wata a shagonka," Baba ya ce masa, "ruwa ne ba za ka iya jira ba? A ƙarƙashin ƙasa rarrafe yake yi."

Kullum in na zura igiyar, taɓo gwangwanin yake dungura. Ranar nan kuwa, igiya ba ta ƙare ba na ji ɓul.

Ni da ko gaisuwa sai an kasa kunne ake jina, sai ga ni ina ƙwala kira. Mata suka fito ba takalmi, tela ya iso da almakashi a hannu.

"Da sauran igiya?" Baba ya tambaya.

"Kamu biyu, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kada ku kwashe shi yau. Ku bar shi ya taru, baƙo ne."

Kofi ɗaya aka ɗebo. Matarsa ta tace da gefen mayafinta ta jiƙa masa leɓe. Kafin rana ta faɗi Baba ya cika.

Washegari da sassafe na ɗauki fartanya na zaga bayan gidan tela, in kwashe lakar da ta toshe raminsa. A tsugune na same shi, yana tsince ganye daga cikin tsakuwa. Bai ɗago ba, ya dai matsa mini gefe.