Zaren Bahaguwa

"Warware shi," in ji Bahaguwa.

Mai Tabarau ta tsaya riƙe da gefen bargon, baki buɗe. Da murnarta ta shigo ɗakin, har da ɓoye bargon a bayanta kamar ƙaramar yarinya, ta shimfiɗa shi a kan ƙafafun maƙwabciyarta tana jiran yabo. Tsohuwar ko ido ba ta buɗe sosai ba. Hannunta na dama, wanda shi kaɗai ciwon ya bar mata, ta ɗora a kan saƙar, ta shafo daga ƙasa zuwa sama. Da ta zo tsakiya sai ta tsaya cak.

"Yaya, me kika ce?"

"Kunnen naki ma tabarau yake so? Na ce ki warware. Daga nan zuwa sama ba zarena ba ne."

Shanyewar ɓarin jiki ta karkata mata baki, amma harshen yana nan da kaifinsa. Mai Tabarau ta gyara zaman gilashinta, abin da take yi ke nan duk lokacin da ba ta da gaskiya.

"Zare ai zare ne, Yaya. Auduga ɗaya, fari ɗaya."

"Ɗaga shi a taga ki gani."

Ta ɗaga, don ba yadda za ta yi. Hasken hantsi ya ratsa saƙar, abin ya fito fili: layukan rabin ƙasa sun kwanta zuwa gefe guda, na rabin sama sun kwanta zuwa ɗaya gefen, sun haɗu a tsakiya kamar mutum biyu da suka juya wa juna baya a gado.

"Jikana ba zai kwana cikin rigima ba," in ji tsohuwar, ta lumshe ido.

Duk wanda ya san ƙungiyar masu kaɗi da saƙa ta unguwar ya san wannan magana. Ran Asabar suke haɗuwa a wani ɗaki bayan shagon tela, masu kaɗi a bakin ƙofa inda haske yake, masu masaƙa a jikin bango, masu saƙa da ƙarfe a tsakiya inda hira ta fi daɗi. Kowa da hannun dama take murza mazari, sai Bahaguwa. Ita da hagu take murzawa, don haka murɗin zarenta ya saɓa wa na kowa. Saboda gudun kada ya cakuɗe da na jama'a, jan buhu aka ware mata, a rataye a ƙusa shi kaɗai. Tun suna matasa ita ke kaɗawa, Mai Tabarau na saƙawa, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, ta kanta suke miƙa wa juna zare da baƙar magana. Ba jaririn da aka haifa a layin nan da bai samu bargon hannunsu ba.

Sai dai Bahaguwa ba ta taɓa kaɗa wa nata jikan ba. 'Ya ɗaya gare ta, ta daɗe da aure shiru, har mutane sun daina tambaya. Bana Allah ya kawo rabo. Ranar da tsohuwar ta ji labari, kafin ta yi wa kowa albishir sai da ta ɗauko mazari. Ta kai rabin zaren da ake bukata ciwon ya kayar da ita, kuma ɓarin hagun ya ɗauka.

'Yan ƙungiya ne suka ga abin da tausayi, kowa ta kawo ƙullin zarenta a ɓoye don a ƙarasa bargon. Ba wai sun manta da zancen murɗi ba ne. Shugabar ƙungiya ce ta ce wanki zai daidaita shi, kuma mara lafiya ina ta ga ƙarfin bin layi. Mai Tabarau ta san ba haka ba ne, amma ta bi, saboda tsoro take ji kada lokaci ya ƙure.

A tsakar gida 'yar Bahaguwa ta tare ta, tana tafe tana dafa ƙugu saboda nauyin ciki.

"Goggo, don Allah kada ki biye mata. Likita ya ce mu yi ta addu'a kawai. Ki bar shi haka, ni dai ta gan shi an gama."

"Ta gan shi ai. Ba ki ji abin da ta ce ba?"

"To wa zai kaɗa irin nata? Duk garin nan akwai wata bahaguwar mai kaɗi?"

Mai Tabarau ta dubi hannunta na hagu. Hannu ne da tun tasowarta bai san komai ba sai riƙe abu a ba ɗan'uwansa ya yi aiki. Ta yi ajiyar zuciya, ta zauna a kan tabarma ta fara jan zare. Saƙar da ta ci mata ido tana warwarewa layi bayan layi, ita kuwa tana ƙunƙuni, tana kiran tsohuwar da sunaye iri-iri a ƙasa-ƙasa.

"Ina jin ki," aka ce daga cikin ɗaki.

Washegari da safe ta dawo da kujera 'yar tsugune da kwandon auduga, ta zauna a gefen gadon. Bahaguwa ta sa aka ɗauko mata mazarinta daga ƙarƙashin matashi, wani baƙi da hannu ya goge har yana sheƙi.

"Shafa alli a yatsu. Ba wannan hannun ba, ɗayan. Audugar a dama, mazari a hagu. Murza."

Ta murza. Mazarin ya yi tangal-tangal, ya kuɓuce, ya gangara ƙarƙashin gado. Sai ga mace mai jikoki a durƙushe tana lalube da tsintsiya, tabarau na zamewa. Bahaguwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, 'yarta ta shigo a guje da ruwa.

"Ku bar ni," in ji ta tana haki. "Rabona da dariya tun da na kwanta."

Haka aka yi ta yi. Zaren farko ya fito da ƙulu-ƙulu, nan kauri nan siriri. Tsohuwar ta ja shi tsakanin yatsunta ta ce a ɗaure akuya da shi. Na biyu ta ce ya isa igiyar shanya. Mai Tabarau kan tashi a fusace ta ce ta bar aikin, ta kai bakin ƙofa, ta dawo wai ta manta takalminta, alhali yana ƙafarta. Yatsunta na hagu suka yi kanta, wuyan hannun ya kumbura. A gida mijinta ya ga tana juya cokali a kofin shayi da hagu, ya tambaye ta ko lafiya, ta ce ya sha shayinsa.

Ran Asabar ƙungiya ba ta zauna a bayan shagon tela ba. Shugaba ta kwaso jama'arta suka cika tsakar gidan Bahaguwa, kunya ta hana ta shiga ɗaki, sai ta ɓuge da ba da umarni. Wasu na gurzar auduga suna fitar da iri, wasu na shiɓa ta tana tashi kamar kumfa, wasu na naɗe ta a jera a faifai don mai kaɗi ta samu a shirye. Aka buɗe taga don mara lafiya ta ji hira.

"Wa ke shiɓar nan kamar tana dukan katifa?" ta tambaya.

"Ni ce, Yaya," in ji Shugaba a sanyaye.

"Na sani. Shigo in gan ki, mai wankin da ke gyara murɗi."

Tsakar gida ta kwashe da dariya. Shugaba ta shiga tana rufe fuska da mayafi, ta fito tana share ido.

Kullum muryar tsohuwar ƙara yin ƙasa take. Ta daina cin abin kirki, sai ruwa da cokali. Faɗan ma ya ragu, wannan kuwa shi ya fi tayar wa Mai Tabarau hankali, don ta gwammace a zage ta da a yi mata shiru. Wani lokaci tana kaɗi sai ta ga idon tsohuwar a kan mazarin, yatsun hannun da ya mutu suna kwance a kan zane ba motsi, na daman kuwa suna ɗan murza iska. Ranar da hagun Mai Tabarau ya faɗa hanya ita kanta ba ta ma lura ba. Hira take yi a kan tsadar ulu, sai ta ji mazarin yana wani siririn kuka a cikin 'yar tasar da ake kafa shi, zare na fita sumul ba gargada.

Da la'asar ta yanko zare biyu, ɗaya daga ragowar ƙullin Bahaguwa, ɗaya daga nata na ranar. Ta ɗora su a tafin tsohuwar.

"Yaya, duba min."

Tsohuwar ta daɗe tana murza su ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe. Ta kai ɗaya leɓenta, ta ja shi a hankali.

"Wannan nawa ne," in ji ta. "Ji laushi. Haka ake zare." Ta ture ɗayan da ɗan yatsa. "Wannan naki kuwa da sauranki, ya ɗan yi tauri. Amma zai shiga. Saƙa."

Mai Tabarau ta dubi zaren da aka ture. Na Bahaguwa ne, wanda ta kaɗa da hannunta kafin ta kwanta. Dariya da kuka suka taso mata lokaci guda, ta haɗiye su duka, ta cire tabarau tana gogewa da bakin zane.

"To, Yaya. Zan ƙara ƙoƙari."

"Ki ƙara. Ba kya jin magana ne, da kin fi haka."

Daga ranar ta raba aikinta biyu, safiya kaɗi, yamma saƙa. Bargon a kan ƙafafun tsohuwar yake, ƙarshensa a cinyar Mai Tabarau, ƙarafan saƙa na ƙyas-ƙyas. Duk layin da ta gama, hannun nan na dama zai lallaɓo ya shafa, ya koma ya kwanta. Layukan duk gefe guda suka kwanta, tun daga ƙasa har sama.

Wata rana da yamma, saura kamar faɗin tafin hannu a gama, Bahaguwa ta buɗe ido ta ce, "Ƙanwata."

Tun da suke ba ta taɓa kiranta haka ba. Daga "ke" sai "mai ido huɗu".

"Na'am, Yaya."

"Kada ki yi gaggawa a bakin. Ke kullum a baki kike ɓata aiki."

"Ba zan yi ba."

Ta ci gaba da saƙa, a hankali kamar yadda aka ce. A waje mai sayar da gawayi yana kiran masu saye, 'yar gidan tana ɗauraye kwanuka a bakin famfo. Ta kai ƙarshen layi, ta juya saƙar, ta dakata tana jiran hannun ya zo ya shafa. Bai zo ba. Yana nan kwance a tsakiyar bargon, yatsu a buɗe. Ta kira sunan da ta saba kiranta da shi sau biyu, sannan ta soke ƙarafan a ƙullin zare don kada saƙar ta zame, ta tashi ta leƙa ƙofa ta ce wa yarinyar ta ajiye kwanukan ta zo.

Bayan an share makoki ta ƙarasa bakin, ba ta yi gaggawa ba. Ta wanke bargon, ta shanya a kan katangar da ke tsakanin gidajen biyu. Ran Asabar da ta koma ƙungiya, ta kawo ragowar zarenta za ta zuba a buhun jama'a, Shugaba ta riƙe mata hannu, ta nuna mata jan buhun da ke rataye a ƙusa.

Watan bai ƙare ba aka haihu, namiji. Mai Tabarau ta shiga barka da bargon a ninke a hannu. Mai jego na zaune a kan gadon mahaifiyarta, ta karɓa ta shimfiɗa a cinya tana shafawa.

"Goggo, nuna min inda zaren Inna ya ƙare. Ina so in riƙa sa ɓangarenta ta wajen fuskarsa."

"Kawo, ai a tsakiya ne."

Ta kai shi taga ta ɗaga. Ta bi layukan da ido, ta bi da yatsa. Ta juya shi ta baya, inda ta san ta ɓoye ƙullin haɗin. Ta goge tabarau ta sake dubawa, ta juya sama ta koma ƙasa, har ta rasa ta ina aka fara, ta ina aka gama.

"Goggo?"

"Ban gan shi ba, 'yar nan," in ji ta. "Wallahi ban gan shi ba."

Mai jego ta dube ta, ta dubi bargon. Ta miƙo jaririn. Mai Tabarau ta shimfiɗa bargon a kan gado, ta kwantar da shi a tsakiya, ta naɗo gefe ɗaya, ta naɗo ɗayan. Yaron ya yi hamma, ya tura kumatunsa cikin saƙar, ya koma barci.